Neman Zaman Taimakon Juna Ga Mai Son Barin Giya: Tambayoyi da Amsoshi

A garuruwanmu ba wuya a san inda ake sayar da giya. Ɗan acaɓa ma zai kai mutum, ko Sabon Gari ne, ko kasuwar mami ta bayan bariki, ko gidan burukutu na ƙarshen ƙauye. Abin da ke da wuyar samu shi ne inda waɗanda suka bar sha suke haɗuwa su riƙe juna. Irin wuraren nan akwai su, sai dai ba su da allo a bakin ƙofa, kuma kunya takan hana masu zuwa su nuna wa wani hanya. Ga tambayoyin da mashayi da iyalinsa suka fi yi idan sun fara neman mafita.

Wane irin zama ne wannan? Asibiti ne ko wa'azi?

Ba ko ɗaya. Mutane ne da giya ta taɓa cin ƙarfinsu, suke zama kamar awa guda, kowa ya faɗi halin da yake ciki da yadda yake kai dare bai sha ba. Ba likita a kan kujera, ba malami a kan mumbari. Wanda ke jan zaman shi ma mashayi ne da ya bari.

Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan tsari ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, lokacin da wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin kan harkar kasuwanci, harkar ta lalace, ƙishin giya ya taso masa. Maimakon ya shiga mashaya sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda shi ma giya ta gama da shi. Abin da suka gano shi ne mashayi yakan saurari ɗan'uwansa mashayi a inda ya toshe kunne ga matarsa da iyayensa da likitansa. A yau akwai zaman AA a ƙasashe kusan 180, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne tak: son barin sha.

Na yanke shawara daga yau na bari. In fara neman zaman ke nan?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙarfafe ka, amma tsaya tukuna. Idan kullum kake sha, ko ka saba tashi da safe hannunka na rawa sai ka kurɓa ya lafa, kada ka yanke a dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk shafin nan.

Ƙwaƙwalwar da ta daɗe giya na danne ta takan sabo da dannewar. Idan aka ɗauke giyar farat ɗaya sai ta zabura fiye da kima. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe ake fara ganin karkarwa, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi da jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kaɗan sukan shiga mummunan ruɗewa: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, sambatu, gane-ganen abin da babu. A gida sau da yawa akan ɗauka iska ce ko sammu, a rufe mutum a ɗaki ana turare, alhali wannan hali yana kisa idan ba a kai asibiti ba.

Likita yana da magungunan da ke sauke mutum a hankali cikin 'yan kwanaki, da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwar mai shan giya daga lalacewa. Kada ka je kyamis ka sayi maganin barci ka ce za ka yi wa kanka. Haɗa shi da giya na iya tsayar da numfashi, kuma mutane da yawa ta nan suka ƙaro wa kansu jaraba ta biyu. Ka faɗa wa likitan gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Asibiti ne ke fitar da kai daga makon farko lafiya. Zaman taimakon juna kuma na watanni da shekarun da ke biye ne.

To ta ina zan fara nema a garinmu?

Gaskiya ita ce zaman AA na ido da ido ya fi samuwa a manyan birane irin su Legas da Abuja, a Arewa kuwa ya yi ƙaranci, kuma wanda ake yi ba a cika tallata shi ba. Saboda haka hanyar da ta fi kai mutum ita ce ta bakin ma'aikatan lafiya.

Je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti mafi kusa da kai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa ma suna da irin sashen: na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Jos. Wanda ke Yamai zai iya farawa da sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, na Ankara ta ƙasar Gana kuma akwai asibitin Pantang. Idan ka je, kada tambayarka ta tsaya ga likita, domin layi ya yi masa yawa. Nas ɗin sashen, da mai ba da shawara, da jami'in kula da walwalar marasa lafiya, su ne suka fi sanin ko waɗanda aka sallama suna haɗuwa, da wace rana, da wanda ke riƙe da makullin ɗakin. Ka yi tambayar kai tsaye: "Akwai inda waɗanda suka bar sha suke taruwa?" Wani lokaci zaman ba shi da suna AA ko wani suna, ranar dawowa asibiti ce kawai ta zama ranar haɗuwa. Wannan ma ya isa a fara da shi.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, tana kuma da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Aikinta ya fi karkata ga ƙwaya da wiwi, giya ba ta cikin abin da take kama mutum a kai, amma masu shawararta sun san cibiyoyin da ke yankinsu. A garuruwa irin su Jos da Kafanchan da Yola, inda burukutu da ogogoro suka daɗe suna cin mutane, coci-coci da asibitocin mishan sun jima da wannan aiki, kuma tambayar fada ko fasto takan buɗe ƙofa. Limamin da ka amince da riƙon amanarsa shi ma yana iya sanin wani da ya bari shekaru da suka wuce. Mutum ɗaya irin wannan kake nema. Idan ka same shi, shi zai kai ka ga sauran.

Kafin ka hau mota zuwa wani zama da ka gani a intanet, kira lambar da aka sa ka tabbatar. Jadawali yakan tsufa, ɗaki yakan canja.

Na bincika, babu komai kusa da ni. Shi ke nan?

A'a. Wayar da ke hannunka ta isa. Tun lokacin annobar korona a 2020 dubban zaman AA suka koma Zoom, da yawansu kuma ba su sauka ba. Shafin Online Intergroup of Alcoholics Anonymous yana jera zaman da ake yi ta intanet dare da rana. Akwai kuma manhajar Meeting Guide ta ƙungiyar, wadda ta fi amfanar 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Kanada da wasu ƙasashen, domin tana nuna zaman da ya fi kusa da inda mutum yake tsaye.

Za ka iya rufe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama, ka yi shiru ka saurara. Rufe kyamarar ma yana rage cin data. Abin lura shi ne lokaci: agogon Najeriya da Nijar ɗaya ne, Gana tana bayanmu da awa guda, Niyok da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara, Landan kuma ko daidai da mu ko baya da awa guda. Wannan bambanci ma alheri ne. Ƙarfe 2 na dare, lokacin da barci ya ƙi zuwa kuma zuciya ke raya maka fita, a wani gari yamma ce kuma ana zama.

Da wane harshe ake yi?

Yawanci Turanci. Akwai na Faransanci ga mutanen Nijar da Kamaru da Chadi, akwai na Larabci. Na Hausa ne ke da wuyar samu, kuma wannan giɓi ne babba, domin mutum ba ya faɗin abin da ya yi wa mahaifiyarsa da aron harshe yadda zai faɗa da nasa. Zaman da ake yi a asibitocin Arewa dai da Hausa ake yawancin maganar, ko a gauraya.

Me zan tarar ranar farko?

Kujeru a zagaye ko a jere, wataƙila da shayi. Mai jan zama zai karanta 'yan ƙa'idoji, ya tambaya ko akwai sabon zuwa. Kana iya ɗaga hannu ka faɗi sunanka na farko kawai, kana iya ƙin ɗagawa. Daga nan wani zai ba da labarinsa: yadda ya fara, inda ta kai shi, yadda yake yanzu. Sai a zagaya. Idan aka zo kanka ka ce yau sauraro ka zo yi, ba mai matsa maka. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gyara, ba a ce masa "ai da ka yi kaza".

Zaman iri biyu ne. Buɗaɗɗe, kowa na iya zuwa, har matarka ko wanka su raka ka. Rufaffe kuma na masu matsalar ne kaɗai. Kada ka yi saurin tafiya idan an tashi. A bakin ƙofa ne ake musayar lambar waya, kuma lambar nan ita za ta yi maka rana. Bayan ɗan lokaci za ka zaɓi jagora, wato wanda ya riga ka bari da daɗewa, wanda za ka kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Shi zai bi da kai matakai 12 na ƙungiyar, waɗanda suka fara da amsa cewa giya ta fi ƙarfinka, suka bi ta binciken kai da neman yafiyar waɗanda ka cuta da biyan haƙƙinsu, suka ƙare da taimakon wani mashayin. Ba a ɗaukar alƙawarin shekara. Na yau ake ɗauka, gobe in Allah ya kai mu a sabunta.

Idan na haɗu da wanda ya san ni fa? Asirina zai tonu.

Wannan tsoro ne ya fi hana mutanenmu zuwa, kuma ba tsoron banza ba ne. A jihohin da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun daga 2000 shan giya laifi ne ga Musulmi, ga zancen aure, ga mutuncin gida. Amma duba ta wannan fuska: duk wanda ka tarar a ɗakin, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, asirinsa na hannunka kamar yadda naka ke hannunsa. Ƙa'idar zaman ita ce wanda ka gani da abin da ka ji a nan suke tsayawa. Ba a rajista, ba a ɗaukar hoto, ba a tambayar unguwa ko wurin aiki.

Sai dai ka sani wannan amana ce, ba doka ba. Abin da zai iya jefa ka cikin shari'a ko ya taɓa wani mutum, ka ajiye shi ga jagoranka ko likitanka. Shi likita Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta masa riƙe sirrin mara lafiya. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, fara da zaman intanet ko na wani gari.

Ni a ganina akwai bambanci tsakanin rufin asiri da ɓoye ciwo. Ba a ce ka yi shela a masallaci ba. Amma shan da ake yi a ɓoye, a bayan mota, a ɗakin otal, daga ƙaramar leda a aljihu, shi ya fi daɗewa ba a gano ba, kuma sau da yawa sai hanta ta kumbura ido ya yi rawaya iyali suke sani.

Ni Musulmi ne. An ce abin na coci ne. Ya halatta in zauna?

Tushen AA ya taɓa wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Oxford Group, wannan gaskiya ne, kuma a ƙasashe da yawa ɗakin coci ake haya don ya fi araha. Amma ƙungiyar ta rubuta a ƙa'idarta cewa ba ta jingina da wani addini ko ɗariƙa ko jam'iyya ba. Matakan suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san shi. Musulmi ya san wanda yake nufi. Idan an rufe zama da addu'ar da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka a zuci. Iran, ƙasar Musulmi, tana cikin ƙasashen da suka fi yawan zaman Narcotics Anonymous a duniya, wato 'yar'uwar AA ta masu shan ƙwaya. A Baltimo ta Amurka kuma Musulmi sun kafa Millati Islami a 1989, suka tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna, kuma suna zama ta intanet. Kirista mai son zama bisa Littafi Mai Tsarki yana da Celebrate Recovery, wadda ta fara a 1991.

Wani zai ce ai tuba ta isa. Tuba wajibi ce, amma wanda ya tuba da asuba ya koma da magariba sau ɗari ya san akwai abin da ya rage. Hanin giya kansa a mataki-mataki ya sauka: a Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan a Ma'ida aka ce a nisance ta gaba ɗaya. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda sha, har wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wanda ya je inda za a taimaka masa ya bar haram, neman magani ya je yi.

Yana aiki kuwa?

A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Ta samu cewa cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka haɗa da AA bisa tsari, kashi 42 cikin 100 sun cika shekara ba su kurɓa ba, a sauran sanannun hanyoyin jinya kuma kashi 35. Wannan sakamako ne mai kyau ga abin da ba a biyan ko kwabo. Ya kuma nuna fiye da rabi sun yi tuntuɓe cikin shekarar, don haka kada a jingina da hanya ɗaya. Akwai magungunan rage ƙishin giya, irin su naltrexone da acamprosate, da likita ke rubutawa. Mai fama da ciwon damuwa ko rashin barci a yi masa maganinsu, domin sau da yawa su ne ke mayar da mutum ga kwalba.

Nawa ake biya?

Ba a biya. Akan zagaya da kwano don kuɗin haya da shayi, mai hali ya sa, marar hali ya miƙa gaba. AA ba ta karɓar gudummawa daga waje ko ta gwamnati ce. Asibiti da cibiyoyin kwantarwa su ne ke da kuɗinsu daban.

Ni mace ce. Akwai wurina a ciki?

Akwai, 'yar'uwa, kuma ba ke kaɗai ba ce. Abin da al'umma ke ɗauke wa namiji kai a kansa ba ta yafe wa mace, shi ya sa mata suka fi ɓoyewa kuma suka fi makara wajen zuwa asibiti, ga shi giya ta fi saurin taɓa hantar mace. A intanet akwai zaman mata zalla kowace rana, ki fara da su. Al'adar ƙungiyar ita ce mace ta ja mace. Duk namijin da ya matsa sai ya zama jagoranki ko ya riƙa kiranki da dare, ki faɗa wa matan da suka daɗe a zaman. Idan kina da juna biyu, ki gaya wa nas ɗin awo yau, domin babu adadin giyar da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi.

Ɗana ne ke sha, ya ƙi zuwa ko'ina. An ba ni shawarar gidan mari.

Mama, don Allah kada ki kai shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka gano wasu gidajen a Katsina da wasu jihohi. Iyayen da suka kai su ba mugunta suka nufa ba, dabara ce ta ƙare musu. Amma sarƙa ba ta cire jaraba, kuma mai shan giya da aka ɗaure ba likita zai iya mutuwa cikin kwana ukun farko.

Ke ma akwai zamanki. Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa Al-Anon a 1951 domin iyalan mashaya, kuma suna zama ta intanet. A can ake koyon abu mai wuya: daina biya masa bashin mashaya, daina yi masa ƙarya a wurin aiki, yi masa magana da safe idan ya wartsake ba cikin maye ba, tare da barin ƙofa a buɗe. Za ki iya zuwa asibiti ke kaɗai ki nemi shawara tun bai yarda ba. Idan kuwa yana duka, tsaron lafiyarki da ta yara shi ne farko.

Na yi wata uku, jiya na koma ruwa. Da wane ido zan koma?

Da idon da ka je ranar farko. Yawancin waɗanda ke ɗakin sun taɓa faɗuwa, ba wanda zai yi mamaki. Kira jagoranka yau, kada ka jira ranar zama. Ku zauna ku bi sawun abin: albashi ne ya shigo, ko biki ne, ko faɗa da matar gida, ko tsohuwar majalisa ka leƙa don gaisawa kawai? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma yawancin komawa daga majalisa take farawa. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, ga likita kafin ka sake yankewa.

Yaya zan gane zaman da bai dace ba?

Idan an ce sai ka biya kafin ka shiga. Idan wani ya ce ka zubar da maganin da likita ya ba ka. AA da kanta ta hana 'ya'yanta yin likitanci. Idan mutum ɗaya ya mallake zaman shekara da shekaru, ko ana wulaƙanta wanda ya faɗi, ko labarin ɗaki yana fita waje. Ka bar wannan ka nemi wani. Amma idan gundura ce kawai ko baƙunta, gwada zama biyar ko shida a wurare daban-daban kafin ka yanke hukunci. Wanda tsarin matakai 12 bai kwanta masa ba yana da SMART Recovery, da aka kafa a 1994, wadda ta fi ba da ƙarfi ga dabarun sarrafa tunani da ƙishi. Wanda ya haɗa giya da tiramol ko maganin tari mai kodin zai fi jin daɗin Narcotics Anonymous.

Mu biyu ne a unguwarmu da muka bari. Za mu iya fara namu?

Za ku iya. Al'adar AA ta ce mashaya biyu ko uku da suka taru don barin sha suna iya kiran kansu ƙungiya, muddin ba su jingina ta da wata hukuma ko ƙungiya ba. Ku fara halartar zaman intanet na 'yan makonni ku ga yadda ake ja. Ku nemi ɗakin da shiga cikinsa ba ya jan ido: aji bayan an tashi makaranta, ɗakin taro na asibiti, shagon ɗayanku bayan an rufe. Ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, misali bayan la'asar ranar Asabar ko daren da aka fi fita sha, ku zauna ko da ku biyun ne kawai kuka zo. Jan zama ya riƙa zagayawa, kuɗin kwano a rubuta, kada a buɗe zauren WhatsApp da sunan da zai fallasa kowa idan waya ta shiga hannun yaro. Ku yi maganarku da Hausa. Sannan ku kai lambar waya ɗaya ga nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa da mai shawara na asibitin garinku, ku ce idan an sallami wani yana tambayar inda ake taruwa, a ba shi.